Ko ƙaramin faifan sola zai iya tsare batirin motar da aka ajiye?

Tambayar ta fi tasowa idan tafiyar alhazai ta gabato, ko kuma ɗan kasuwa zai yi doguwar tafiyar saro kaya. Mutum zai kulle motarsa wata guda ko fiye. Shin in ya ɗora mata ɗan faifan solar nan da ake talla a Facebook da TikTok, wanda faɗinsa bai wuce na tiren shayi ba, zai dawo ya murza kontak ta tashi? A fadojin Maradi an rabu biyu a kan wannan magana. Wasu sun ce daɗin bakin ƴan talla ne kawai, abin da bai kai tafin hannu biyu ba ina zai iya da batirin mota. Wasu kuma sun ce da irin ranar da Allah ya hore mana, kowane pano ka jona wa batir to ka gama da matsalarsa. Kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, kuma kowane ɓangare na iya jawo wa mai mota asarar batir.

Na ga asarar iri biyu a gida ɗaya. Shekarun baya kawuna ya tafi aikin Hajji, ya bar Corolla ɗinsa a tsakar gida a unguwar Zariya, batirinta bai cika shekara ba. Bayan kwana arba'in da ƴan kai ya dawo, aka gama karɓar masu barka da sauka, ya shiga ya murza maɓalli. Babu abin da ya ji sai wani ɗan ƙas-ƙas daga ƙarƙashin kapo, fitilun tablo suna lumshewa. Aka kawo batirin maƙwabci aka tayar da ita. Ta yi aiki na ƴan makwanni, daga nan kullum da safe sai an tura. Ya sayi sabon batir. Da wata tafiyar ta kama shi, ɗansa ya ce wannan karon ba za a maimaita ba. Ya sauko da panon gida mai wat 100 daga kan rufi, ya ɗaura wayoyinsa biyu kai tsaye a kan batir. Kafin sati uku gefen batirin ya kumbura kamar tulun roba da aka bari a rana, ruwansa ya ƙafe, wajen yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Batir biyu ke nan, ɗaya yunwa ta kashe shi, ɗaya ƙoshi.

Me ke cin batir alhali mota na tsaye?

Mutane da yawa suna ɗauka in an zare maɓalli komai ya mutu a mota. Ba haka ba ne. Agogo yana tafiya, rediyo yana riƙe da tashoshin da aka ajiye masa, ƙwaƙwalwar injin tana riƙe da bayananta, na'urar da ke jiran siginar rimot ɗin buɗe ƙofa ba ta barci. Kowannensu yana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana. A mota mai lafiya wannan tsotso yana tsakanin miliamfa 20 zuwa 50, wato abin da bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na amfa guda ba (amfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana a waya). A ido ba komai ba ne. Amma a lissafa: miliamfa 30 a sa'a 24 ya zama kusan kashi uku cikin huɗu na amfa a kowace rana (a irin wannan lissafi na tari, amfa ɗaya yana nufin wutar amfa ɗaya da ta gudana na tsawon sa'a guda).

Sannan batirin kansa yana zubar da wuta ko ba a jona shi da komai ba. Irin batirin da ke cikin motocinmu, na dalma da ruwan asid, tsohuwar fasaha ce da wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro a 1859, kuma har yau wannan halin bai rabu da ita ba. A wuri mai sanyi yana rasa kamar kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a wata. Ƙa'idar da masana suka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana kusan ninka wannan zubar. A Maradi, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40 a inuwa, ballantana ƙarƙashin kapon motar da ke tsaye a rana, lissafin da aka yi wa Turai ba namu ba ne.

Idan aka haɗa biyun, motar da ba ta da wata matsala tana rasa kusan amfa ɗaya a rana a lokacin zafi. Batirin ƙaramar mota yawanci mai amfa 60 ne ko kusa da haka. Kwana 40 sun cinye kusan kashi biyu cikin uku ke nan. Abin da ya faru da kawuna ke nan, babu wani abin ɓoye a ciki.

Wannan kuwa mota ce da ba a taɓa wayoyinta ba. Motocinmu yawanci na hannu ne, sun yi rayuwa a Turai ko Amurka kafin su iso, sannan a nan an ƙara musu rediyo mai allo, da na'urar bin sawu saboda ɓarayi, da ƙararrawa, wani lokaci an jona su a wayar da ba ta mutuwa in an kashe kontak. Irin wannan mota tana iya shan amfa biyu a rana ko fiye. Sati biyu sun isa su raba batirinta biyu.

Abin da faifan yake bayarwa a zahiri

A nan ne masu cewa ƙarya ce suke da hujja, domin yawancin ƙananan faifan da ake talla sun yi ƙanƙanta. Faifan da aka rubuta wa bolt 12 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta) yana aiki ne a wajen bolt 17 zuwa 18. In ka raba wat ɗinsa da wannan adadi za ka san amfa nawa yake turawa idan rana ta take. Mai wat 10 yana ba da kusan rabin amfa da ɗan ɗoriya. Mai wat 5, rabin haka. Mai wat ɗaya da rabi, wanda shi aka fi gani da ƴan robobin manna wa gilashi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfa ba.

Ƙasarmu tana cikin waɗanda suka fi kowa samun hasken rana a duniya, amma ba tun daga hantsi har magariba faifai ke aiki da cikakken ƙarfinsa ba. In aka tattara hasken yini guda, ya yi daidai da sa'a biyar zuwa shida na rana tsaka. Mu ɗauki biyar. Mai wat 10 da ke waje, a goge, zai tara amfa biyu da rabi zuwa uku a yini. Mai wat 5 zai tara kusan ɗaya da rabi. Ƙaramin can kuwa ko rabin amfa bai cika ba, alhali motar tana rasa guda.

Sai a zo kan gilashi. Masu talla suna nuna faifan a kwance a kan tablo, a bayan gilashin gaba, don kada a sace. Gilashin mota yana tare wani kaso na hasken, in mai duhu ne ya tare fiye da haka, ƙura ta kwanta a kai ta ƙara, sannan rufin motar da ginshiƙanta suna yi masa inuwa rabin yini. Zafi ma yana rage ƙarfin faifai: ana auna wat ɗin da aka rubuta a jikinsa ne a digiri 25, kuma duk digirin da ya ƙaru yana zaftare kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Tablon motar da ke rufe a rana kuwa yana iya haura digiri 70. In muka ƙaddara rabin ƙarfin ya tafi a haka, mai wat 5 ya koma bai biyan abin da motar ke ci, mai wat 10 kuma da ƙyar yake rufe ramin. Shi ya sa a ganina wat 10 ne mafi ƙarancin abin da ya kamata mai ƙaramar mota ya saya, kuma in motar tana da na'urar bin sawu ko tana da babban batir irin na Hilux, ya nemi mai wat 20.

Akwai kuma faifan cajin waya mai bakin USB. Wannan bolt 5 yake bayarwa. Ruwa ba ya hawa tudu. Bolt 5 ba zai shiga batir mai bolt 12 ba ko a bar shi shekara.

Mai gadi ne, ba likita ba

Wannan ita ce gaɓar da aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma ita ta sa wasu suka gwada suka ce abin ba ya aiki. Mutum ya tarar da batirinsa ya riga ya kwanta, ya jona masa ɗan faifai kwana biyu, ya murza maɓalli shiru, sai ya yanke hukunci.

A duba lissafin. Batir mai amfa 60 da ya sauka ƙasa, faifai mai wat 10 yana zuba masa ƙasa da amfa uku a yini, mota tana ɗebe ɗaya. Sai an fi wata guda kafin ya cika, in ma zai cika. Dalilin da ya sa na ce in ma zai cika shi ne abin da ke faruwa a cikinsa. Duk lokacin da batir ya ba da wuta, wani farin sinadari mai kama da gishiri, wanda ake kira salfet, yana kwanciya a jikin farantan dalmar da ke ciki. In aka yi caji da wuri, yana narkewa ya koma cikin ruwan, batir ya dawo yadda yake. In aka bar shi makwanni a sauke, gishirin yana daskarewa ya yi tauri, caji ba ya iya narkar da shi duka. Duk inda ya daskare a jikin faranti, wajen ya daina aiki ke nan. Shi ya sa batirin kawuna ya karɓi caji bayan an tayar da motar, amma bai sake riƙe wuta har safiya ba. Randar ta cika da laka, ruwan da take ɗauka ya zama kaɗan.

Aikin faifan sola shi ne ya hana batir sauka tun farko. A jona shi a kan batir mai lafiya da ke cike, ranar da za a ajiye motar. Kuma sanin cikarsa ba ya buƙatar canke. Ƴar mitar auna wuta da kowane mai gyaran wutar mota yake da ita ta isa. A bar motar ta huta ƴan sa'o'i bayan an kashe ta, sannan a auna kawunan batirin biyu. Bolt 12.6 zuwa 12.7, ya cika. 12.4, kusan kashi uku cikin huɗu. 12.2, rabi. 12.0, saura kwata, kuma daskarewar nan ta fara aikinta. Mutane suna ganin 12 a mita su ce ai lafiya lau tunda batirin na bolt 12 ne, alhali yana gab da kwanciya. In ya nuna ƙasa da 12.4, a kai shi wajen masu caji ko a yi doguwar tafiya da motar kafin a ajiye ta.

Regilater: abin da ɗan kawuna ya tsallake

Da muka ɗauki kumburarren batirin muka kai garaji, maigidan wajen ya buɗe murafansa ɗaya bayan ɗaya, ya haska da fitilar waya. Farantan a bushe suke, sun fito sarari. Ya dubi yaron ya ce, "Samari, kai da ka jona, wa ka bari ya ce masa ya isa?" Yaron ya ce ai ya ɗauka in batir ya cika da kansa yake daina sha. Maigida ya girgiza kai ya ce, "Batir bai san ya ƙoshi ba. In ka ci gaba da ba shi, tafasa yake yi."

Gaskiyarsa. Idan mota na tafiya, dinamon cajinta, wato altanato, yana tsayar da wuta a tsakanin bolt 13.8 da 14.4, ba ya wucewa, domin akwai na'urar da ke tsare shi. Faifan sola shi kaɗai ba shi da wannan linzami. In ba a jona shi da komai ba yana nuna bolt 21 ko 22. Matuƙar batir bai cika ba yana janyo wannan adadi ƙasa, amma da ya cika sai wutar ta yi ta hawa. Ta wuce 14.4, ruwan ya fara rabuwa ya zama iska, haidurojin da oksijin, ya fice. Ruwa ya ragu, zafi ya ƙaru, faranti su lanƙwashe. Pano mai wat 100 yana tura fiye da amfa 5. A yini guda ya zuba amfa 25 ko fiye a cikin batirin da guda ɗaya kawai yake nema. Iskar haidurojin kuma tana kamawa da wuta da ɗan tartsatsi kaɗan, shi ya sa na ce Allah ne ya tsare gidan, domin a tsakar gidan nan ake girki.

Na'urar da ke shiga tsakani ita ce masu sayar da kayan sola a nan suke kira regilater, ƴan uwanmu na Katsina da Kano kuma su ce kwanturola. Tana barin wuta ta shiga har batir ya cika, sannan ta sauko da ita zuwa wajen bolt 13.2 zuwa 13.8 ta riƙe a nan. Da dare kuma tana toshe hanya don kada wuta ta juyo daga batir ta koma faifai, abin da ke faruwa in faifan ba shi da ɗan dayod mai hana komawa. Za ka ji ana maganar iri biyu, PWM da MPPT. Na biyun ya fi tsada kuma amfaninsa yana fitowa ne a manyan panon gida. Ga faifai mai wat 10 ko 20, ƙaramin PWM ya wadatar. Abu ɗaya da za a kula: regilater ma yana cin tasa wutar. Manya masu allon lambobi da bakin cajin waya suna iya shan abin da ya kai rabin na motar kanta, dare da rana. A nemi ƙarami marar kwalliya, kuma in yana da zaɓin nau'in batir, a saita shi kan na dalma, ba na litiyom ba.

A ƙasashen sanyi za ka ji ana cewa faifan da bai wuce wat biyu zuwa biyar ba ba ya buƙatar regilater. Ban yarda a ɗauko wannan shawara a kawo Maradi ba. Batir mai zafi yana fara tafasa a bolt ƙasa da na mai sanyi, ranarmu kuma ba ta hutu. Kuɗin ƙaramin regilater bai kama ƙafar kuɗin sabon batir ba. Wasu faifan ana sayar da su da regilater a manne a bayansu. A tambaya, a kuma gani da ido, kada a tsaya ga rubutun kwali.

Ina ake jonawa?

Yawancin waɗannan faifai suna zuwa da kan da ake cusawa a ramin kunna taba. A motoci da yawa, musamman ƙirar Japan da suka fi yawa a titunanmu, wannan rami yana mutuwa da zarar an zare maɓalli. Faifai zai yi ta shan rana wata guda, ko ɗigo bai isa batir ba. Gwajin mai sauƙi ne: zare maɓalli, rufe ƙofofi, saka cajar waya a ramin, ka jira kamar rabin sa'a. In wayar ta daina caji, wannan hanya a rufe take.

Akwai bakin da makanikai ke saka kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, wanda ake kira OBD. Motocin Amurka suna da shi tun 1996, na Turai masu shan fetur tun 2001, kuma ɗaya daga cikin haƙoransa 16 a jone yake da batir koyaushe. Ana sayar da waya ta musamman don haka. Amma hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce kai tsaye kan batir: jar waya a kai mai alamar ƙari, baƙar waya a kai mai alamar ragi ko a jikin ƙarfen mota, abin da makanikai ke cewa mas. Sababbin motoci masu ƴar na'ura a manne a kan ragi, a jikin ƙarfe ya kamata a jona, don ƙwaƙwalwar motar ta san wuta tana shiga.

Dole a sa fiyus, wato fizibil a bakin makanikanmu, mai amfa 3 zuwa 5, a kan jar wayar, kusa da batir. Wayar za ta bi ta bakin kapo ko ta ƙofa, ƙarfe zai iya datse ta, ɓera zai iya gwaguyarta, akuya ma ba ta ƙyale waya. In ta kwaile ta taɓa jikin mota, faifai ba ya da ƙarfin ta da gobara, amma batir yana da shi, domin yana iya sakin ɗaruruwan amfa a lokaci guda. Wajen haɗawa kuma a fara jona regilater da batir, sannan a jona faifai. Wajen cirewa a fara da faifai. Kafin a tayar da motar a kwance komai.

Bayan an haɗa, a auna da rana tsaka: in mita ta nuna 13 da wani abu, wuta na shiga. A sake aunawa da asuba bayan kwana biyu ko uku: 12.6 ko kusa da haka yana nufin abin yana biyan kansa. In kullum adadin asuba raguwa yake, ko faifan ya yi kaɗan ko motar tana da ɓarawon wuta, sai mai gyara ya bi fiyus ɗaya bayan ɗaya ya gano shi.

Mota a inuwa, faifai a rana

Babban kuskuren da hoton talla yake koyarwa shi ne a fito da mota rana don faifai ya samu haske. A wajenmu wannan sayar da akuya ne a sayi igiya. Ranar da za ta ciyar da batir ita ce za ta gasa shi, ta tsattsaga tablo, ta busar da robobin ƙofa da tayoyi, ta cinye fenti. Motar ta zauna a rumfa ko ƙarƙashin bedi, a ja waya mita biyar ko goma zuwa kan rufi ko katanga, a ɗaure faifan a can. Ga wutar da ba ta kai amfa ɗaya ba, waya mai matsakaicin kauri ta isa. Regilater kuma ya zauna kusa da batir, a inuwa, inda ruwa ba ya taɓa shi.

Maradi tana kusan digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a ɗan karkata faifan kudu kamar digiri 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana ɗan ratsawa ta arewa da mu da tsakar rana, amma da wannan ƴar karkata bambancin ba shi da yawa. Amfanin karkatar ma har da ƙura da ruwan sama, su riƙa gangarewa. A lokacin hunturu, in buji ya taso, faifai yana iya yin fari fat cikin kwana uku. Dole a samu wanda zai riƙa share shi da tsumma mai laushi, da safe kafin ya yi zafi. Da damina kuma iskar gaban hadari ba ta barin abin da aka ɗora kawai aka danne da bulo. Inuwar reshe ɗaya ko kashin tsuntsu a kusurwa ma yana iya karya ƙarfin faifan fiye da girman wajen da ya rufe, saboda ƙwayoyinsa a jere suke kamar sarƙa.

In batirin mai murafai ne, a duba ruwansa kafin tafiya, ya rufe farantan. Tataccen ruwan da ake sayarwa don batir ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan famfo ko na rijiya ba.

Masu cewa a cire kan batir, da masu cewa yaro ya riƙa tayar da ita

Tsofaffin direbobi suna da tasu dabarar: sifana mai lamba 10, a kwance kan ragi, a kauce da wayar gefe. Ba na raina wannan ko kaɗan. Kyauta ne, ba abin da za a sace, kuma yana yanke duk tsotson da mota ke yi, sai zubar batirin kansa kawai ta rage. Batir mai lafiya da ke inuwa zai kai wata ɗaya ko biyu a haka ya tayar da mota. Ga tsohuwar Starlet ko Peugeot da ba ta da kayan lantarki da yawa, ban ga dalilin sayen faifai ba in tafiyar ba ta wuce haka ba. Kan ragi ake fara cirewa, domin in ka fara da na ƙari sifana ta taɓa jikin mota, tartsatsi ne da ƙuna.

Inda dabarar ke gazawa shi ne sababbin motoci. Rediyo zai iya neman lambar sirrin da mai motar bai taɓa gani ba tunda ta hannu ya saya, gilasai su manta saitinsu, injin ya yi ta rawa kafin ƙwaƙwalwa ta sake koyo. Ƙararrawa da na'urar bin sawu kuma sun mutu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. In ajiyar ta kai wata uku ko huɗu, zafi kaɗai zai sauke batirin ko an cire kai.

Ɗaya dabarar, ta a bar wa yaro maɓalli ya riƙa tayar da ita minti biyar duk Juma'a, ita ce na fi shakka. Tayarwar kanta ba ta cin wuta da yawa, ƴan daƙiƙoƙi ne. Matsalar ita ce sati guda ya cinye amfa shida ko bakwai, minti biyar a tsaye kuwa ba ya mayar da su. Sai an yi tafiyar rabin sa'a ko fiye, kamar a je Tibiri ko hanyar Madarunfa a dawo. Wannan yana da nasa amfanin, mai ya zagaya, tayoyi su juya, birki ya motsa. Amma yana cin fetur, kuma ba kowane uba ne zai bar wa matashi mota kwana arba'in hankalinsa a kwance ba.

Akwai na'urar riƙe caji da ake jonawa da wutar gida, kuma tana aiki sosai inda wuta ke tsayawa. Mu da muka ga yadda ta kasance daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo wa Nijar har zuwa Maris na 2024, mun san dalilin da ya sa hankalin mutane ya koma kan sola.

Waɗanda abin ya fi shafa

Alhaji mai tafiyar wata guda shi ya ta da maganar, amma ba shi ne ya fi buƙata ba. Masu sayar da motoci da ke jera su wata da watanni suna jiran mai saye, kullum yaransu na yawo da batir ɗaya daga mota zuwa mota. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wajen aiki zuwa Yamai ko Damagaram ya bar mota a gida. Mai tarakta da ke aiki wata uku ta kwanta wata tara, duk farkon damina sai an nemi batir. Janareton asibiti ko na makaranta mai tashi da maɓalli. Ga mai babur kuma, batirinsa ƙarami ne, amfa biyar zuwa bakwai, faifai mai wat ɗaya ko biyu ya ishe shi, na mota zai yi masa yawa in babu regilater. Manyan motoci masu batir biyu a jere bolt 24 suke amfani da shi, faifan bolt 12 guda ɗaya ba zai yi musu ba. Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin Prius, faifan yana taimakon ƙaramin batirinsu ne kawai, babban ba ruwansa da shi.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙaramin asibitin karkara. Tana iya yin sati biyu ba ta motsa ba, a garin da babu mai caji, babu wata motar da za a ara batirinta. Ranar da za a neme ta kuwa dare ne, mace tana kan gwiwa, ana son kai ta Dakoro ko Tasawa ko nan Maradi. Da yawa daga irin waɗannan asibitoci suna da pano a rufi saboda firjin allurar rigakafi, ma'ana akwai wanda ya saba share faifai da duba regilater. Kada a taɓa na firjin, wannan nasa aikin daban ne. Faifai mai wat 20 a kan rumfar motar, da ƙaramin regilater, da fiyus, da waya mai kan da direba zai zare da hannu ɗaya kafin ya murza kontak, abu ne da kwamitin lafiya na gari zai iya haɗa kuɗinsa a zama guda.